Walter Scott: lauya ne na gaske, ko rigar kawai ya saka?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar shari'a ce, ina kuma ɗan taɓa rubutun ƙagaggun labarai. An ce mini Walter Scott, marubucin nan na Sikotland da ake ɗauka a matsayin uban ƙagaggen labarin tarihi, lauya ne, har alƙalanci ya yi. Da gaske ya yi aikin, ko rigar kawai ya saka ya koma ga alƙalaminsa? In kuwa ya yi, yaya aka yi taura biyu ta taunu a bakinsa?

Amsa: Malama, ya yi aikin, kuma ba na wucin gadi ba. Ya shiga ofishin mahaifinsa a matsayin ɗan koyo a watan Maris na 1786, yana da shekara 14, kuma ranar da ya rasu, 21 ga Satumba 1832, yana riƙe da kujerar alƙalanci. Shekara 46 ke nan yana cikin harkar shari'a. Sai dai aikin nasa kashi uku ne, kuma ba duka ya iya daidai ba. A matsayin lauya mai tsayawa gaban alƙali, matsakaici ne, shi da kansa bai musa ba. A matsayin alƙalin gunduma ya yi abin a yaba. A matsayin magatakardan babbar kotu kuwa ya shafe shekara 24 yana zuwa aiki kamar kowane ma'aikaci. Abin da nake so ki riƙe shi ne, shari'ar ba ta tare wa rubutun hanya ba. Ita ta ciyar da shi, ita ta ba shi mutanen da ya zuba a littattafansa, kuma ita ta koya masa yadda yake kallon tarihi.

Sai kin san matsayin lauya a Edinbura ta wancan zamani kafin labarin ya zauna miki. A 1707 Sikotland ta haɗe da Ingila, majalisar dokokinta ta rufe, manyan 'yan siyasa suka tattara suka koma Landan. Amma yarjejeniyar haɗewar ta bar mata cocinta da dokokinta da kotunanta. Dokar Sikotland ba irin ta Ingila ba ce, ta ɗebo abubuwa da yawa daga dokar Rumawa. Ginin da majalisa ta bari ma kotuna ne suka gaje shi. Saboda haka alƙalai da lauyoyi suka zama su ne manyan gari, kuma a idon mutum irin Scott dokar ƙasar tana cikin 'yan abubuwan da suka rage masu nuna cewa Sikotland ƙasa ce mai kanta.

An haife shi ranar 15 ga Agusta 1771 a wani lungu na tsohon garin Edinbura. Mahaifiyarsa, Anne Rutherford, 'yar wani farfesan likitanci ce a jami'ar garin. Bai cika shekara biyu ba shan inna ya kama shi, ƙafar dama ta shanye, ya rayu yana ɗingishi. Aka kai shi gonar kakansa a Sandyknowe, can yankin kan iyakar Sikotland da Ingila, ko iskar ƙauye za ta taimaka. A can gwaggonsa Jenny ta koya masa karatu, tsofaffi kuma suka cika masa kunne da waƙoƙin mahara da ɓarayin shanun kan iyaka, waɗanda wasunsu kakanninsa ne. Da ƙafarsa lafiya lau take, soja yake so ya zama.

Mahaifin, shi ma sunansa Walter Scott, yana cikin rukunin lauyoyin da ake kira Writers to the Signet. Su ne lauyoyin ofis: rubuta takardun filaye, wasiyya, yarjejeniyar aure, kula da dukiyar manyan gidaje, da shirya ƙara kafin a miƙa ta ga mai tsayawa a kotu. Mutum ne mai tsananin riƙon addini da tsare gida. Akwai labarin da surukin Scott, John Gibson Lockhart, ya kawo a tarihin rayuwarsa. Wani baƙo ya riƙa zuwa wurin tsohon da dare, fuska a rufe. Uwargida ta kasa haƙuri, ran nan ta shiga musu da shayi don ta ga ko wane ne. Baƙon ya sha, ya tafi. Fitarsa ke da wuya maigida ya ɗaga taga ya wurga kofin waje, ya ce aiki na iya sa ya karɓi mutum a ofis, amma shi da iyalinsa ba mai sa baki inda Murray na Broughton ya sa. Wannan Murray shi ne sakataren Yarima Charles, jagoran tawayen 1745 na neman karɓe gadon sarautar Birtaniya, kuma daga baya Murray ɗin ya ba da shaida a kan abokan tafiyarsa don ya tsira da wuyansa. Abin lura, tsohon ba ya goyon bayan tawayen, cin amanar ce ya ƙi. Yaron ya adana farantin kofin.

A ofishin nan aikin ɗan koyo kwafe takardu ne da hannu, ana biyansa taro a kowane shafi. Scott ya ce ya taɓa kwafe shafi sama da 120 a zama ɗaya, ba ci ba hutu, kuɗin kuma a hayar littattafai da kallon wasan kwaikwayo suke ƙarewa. Masu mamakin yadda daga baya yake gama littafi cikin 'yan makonni, a nan hannun ya faɗa. A wannan lokaci ne kuma aka aike shi yankin tsaunukan arewa ya sa ido a kan zartar da umarnin kotu na tashin wasu 'yan dangin Maclaren daga wata gona a Invernenty, saboda rikicin bashi. Da yake ana tsoron za su yi turjiya, aka haɗa shi da saje ɗaya da sojoji shida daga barikin Stirling. Suka isa suka tarar gidan ba kowa. Amma a hanya sajen ya yi ta ba shi labaran Rob Roy, shahararren ɗan fashin shanun yankin. Ki dubi hoton da kyau: yaron ofis da takardar kotu a aljihu, bindigogi a bayansa, ya shiga ƙasar da shekara arba'in kafin nan maganar shugaban dangi ce doka. Kusan duk manyan littattafansa a kan wannan haɗuwa suke, ta takarda da takobi.

Bai so zaman ofis ba, sai ya zaɓi ɗaya reshen, na lauyoyi masu jayayya a gaban alƙalai, wanda ya fi daraja. Ya koma jami'a, ya yi karatun dokar Sikotland a wurin Farfesa David Hume, ɗan ɗan'uwan shahararren masanin falsafar nan mai wannan suna. Ya ji daɗin darasin Hume ƙwarai, har ya kwafe bayanan da ya ɗauka sau biyu ya ba mahaifinsa kwafi ɗaya. Abin da ya burge shi shi ne yadda malamin yake nuna dokar a matsayin tsohon gini da kowane zamani ya ƙara masa ɗaki. Ranar 11 ga Yuli 1792 aka karɓe shi cikin ƙungiyar lauyoyi, shi da abokinsa William Clerk. Kundin da ya gabatar da Latin ya rubuta shi, a kan yadda ake yi da gawar wanda aka zartar wa hukuncin kisa, ya kuma sadaukar da shi ga Lord Braxfield, alƙalin da ya yi ƙaurin suna wajen tsanani.

To, nan fa aka zo wurin da bai haskaka ba. Ƙaramin lauya a lokacin yakan wuni yana kai da komo a babban zauren kotu yana jiran wani lauyan ofis ya miƙo masa aiki. Scott ya fi shahara a zauren da ba da labari da sa abokai dariya. Littafin da yake rubuta kuɗin aikinsa ya nuna shekarar farko ya samu fam 24 da 'yan sulalla. A shekara ta biyar ya kai wajen fam 144, kuma fam 50 daga ciki ayyukan ofishin mahaifinsa ne. Ba yunwa ba ce, amma ba alamar wanda zai zama babban lauya ba ce.

Babbar shari'arsa ta farko a 1793 ce, gaban babban taron Cocin Sikotland, inda ya kare wani limamin coci mai suna M'Naught daga Girthon, wanda ake tuhuma da shaye-shaye da rera waƙoƙin batsa. Scott ya tashi ya fara rarrabe tsakanin wanda ya taɓa buguwa da mashayi na kullum, yana ƙara samun ƙarfin gwiwa, har ya maimaita wata maganar batsa ta wanda yake karewa da babbar murya. Dattawa suka tsawata masa. Da ya zo karanta baitin waƙar da ake magana a kai sai murya ta shige ciki, abokansa da ke saman bene suka yi ta ihu a ƙara, a maimaita, aka kore su waje. Aka tuɓe limamin. Ribar da Scott ya ci ita ce tafiyar da ya yi zuwa Galloway neman shaidu, domin yankin da sunayen mutanensa sun fito daga baya a littafinsa Guy Mannering.

A zaman kotun zagaye na Jedburgh ya fi samun masu laifin da ba su da ko sisi. Ya taɓa kuɓutar da wani tsohon ɓarawon tumaki mai farautar sata, ya raɗa masa cewa kai dai ɗan sa'a ne, mutumin ya ce shi ma haka ya gani, gobe zai aiko masa da zomo. Wani kuma mai fasa gidaje, wanda shari'a ta ci, ya kira shi kurkuku ya ce ba shi da kuɗin biya, amma ga shawara biyu: kada ya ajiye ƙaton kare a waje, domin sun san yadda suke rufe masa baki, ya ajiye ɗan ƙaramin mai yawan haushi a cikin gida, kuma ya rabu da makullan zamani, ya nemi tsohon kwaɗo mai nauyi da tsatsa. Bayan shekara talatin Scott yana ba da wannan labari, yana cewa shi ne lada mafi tsoka da ya samu a Jedburgh. Daga baya ya rubuta cewa tsakaninsa da aikin lauya tun farko ba wata soyayya mai yawa, da suka ƙara sanin juna kuma sai ta ragu.

Zuwa Jedburgh ɗin ne ya haɗa shi da Robert Shortreed, mataimakin alƙalin gundumar Roxburgh, wanda ya riƙa raka shi kwarin Liddesdale shekara bakwai a jere suna bin gidajen makiyaya suna tattara tsofaffin waƙoƙi. Waɗannan ne suka zama kundin Minstrelsy of the Scottish Border na 1802 zuwa 1803. Ya auri Charlotte Carpenter, 'yar asalin Faransa, a Disambar 1797, bayan wadda ya fara so, Williamina Belsches, ta auri ɗan mai banki William Forbes. Ki riƙe sunan Forbes, zai dawo.

Da iyali ya samu sai ya nemi albashi tsayayye. Ya faɗa da bakinsa cewa adabi sandar tafiya zai zame masa, ba sandar guragu da zai jingina dukkan nauyinsa a kai ba. A Disambar 1799 aka naɗa shi Sherif na gundumar Selkirk a kan fam 300 a shekara. Kada ki ɗauka jarrabawa ya ci. Ya samu ne da ƙafar Duke na Buccleuch, babban mai filayen yankin kuma shugaban dangin Scott, da ta Henry Dundas, wanda a lokacin kusan duk muƙamin gwamnati a Sikotland ta hannunsa yake bi. Haka ake samun muƙami a zamanin, kuma Scott ɗan jam'iyyar Tory ne mai ra'ayin riƙau tun yana saurayi.

Sherif a Sikotland alƙali ne, ba ɗan sanda ba kamar na finafinan Amurka. Yana sauraron ƙananan laifuka da rikicin bashi, haya, iyakar gona, lada tsakanin bara da ubangida, yana kuma da alhakin zaman lafiyar gunduma. Yawancin shari'un a rubuce ake yinsu. Mataimakinsa, Charles Erskine na Melrose, shi ke zaman yau da kullum, a aika wa Scott takardu ya karanta ya rubuto hukunci. Waɗanda suka bi takardun nan daga baya sun same su gajeru, a fili, kuma yana yawan tura mutane su sasanta maimakon su ƙarar da abin hannunsu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Doka ta ce Sherif ya zauna a gundumarsa aƙalla wata huɗu a shekara. Scott ya so ya yi ta zamansa kusa da Edinbura, sai da Lord Napier, wakilin sarki a gundumar, ya matsa masa, sannan ya kama hayar gidan Ashestiel a bakin kogin Tweed a 1804. Ɗakin kotun da ya zauna a Selkirk yana nan, an mai da shi gidan tarihi.

A nan aka gurfanar masa da Tom Purdie bisa laifin farautar sata a filin wani. Tom ya ce ga mata, ga 'ya'ya rututu, aiki ya yi wuya, tsuntsaye kuwa ga su nan birjik. Yadda ya tsara maganar, da ban tausayi da ban dariya, ya sa Sherif ya sake shi, ya kuma ɗauke shi kiwon tumaki. Tom ya zama amininsa kuma mai kula da itatuwan gonarsa har ya rasu a 1829. Mai son bin ƙa'ida sak zai ce alƙali bai kamata ya ɗauki wanda ake tuhuma aiki ba, kuma yana da gaskiya. Amma irin alƙalancin da Scott ya yarda da shi ke nan, na uban ƙasa wanda ya san kowa da gidan su.

Wani abin da zai ba ki sha'awa: Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara, ɗan wannan gunduma ne, kuma ɗan'uwansa Archibald ma'aikacin kotun Scott ne. A 1804 Scott ya tarar da Mungo a bakin kogin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa yana kallon kumfa. Ya ce masa haka yake gane zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka. Daga nan Scott ya gane mutumin zai koma. Ya koma ɗin, ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa.

Muƙami na uku ya zo a Maris 1806: ɗaya daga cikin manyan magatakarda shida na Kotun Session, babbar kotun da ke sauraron shari'un dukiya, gado, filaye da kwangila, wadda aka kafa tun 1532. Yadda ya same shi ma abin dubawa ne. Mai kujerar, George Home, ya tsufa, kunne ya yi nauyi, ga shi ba tsarin fansho. Sai suka shirya Scott ya yi aikin, Home ya ci gaba da karɓar albashin har ƙarshen ransa. Tsohon kuwa ya ƙi mutuwa. Scott ya yi kusan shekara shida yana aikin kyauta, sai a 1812 da aka shigo da fansho ya fara karɓar fam 1,300 a shekara. Haɗe da na Sherif, fam 1,600 ke nan, kuɗi mai kauri a wancan zamani.

Aikin ya yi kama da na muhutin alƙali a kotunanmu na da. Yana zaune a teburin da ke ƙasan kujerun alƙalai, su faɗi hukunci da baki, wani lokaci kowa da inda ya nufa, shi kuma ya mai da shi rubutaccen umarni da zai tsaya a doka. Wannan ba aikin kwafi ba ne, sai wanda ya fahimci shari'ar da hukunce-hukuncen baya. Kotun tana zama kimanin wata shida a shekara, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, sannan daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli, awa huɗu zuwa shida a rana. Amsar tambayarki ta yadda ya haɗa biyun tana nan. Yakan tashi da ƙarfe biyar na asuba, ya kunna wutarsa da kansa, ya yi rubutu kafin karin kumallo, sannan ya tafi kotu. Ran Asabar da kayan ƙauye a ƙarƙashin rigar kotu yake zuwa, ana tashi ya kama hanyar Abbotsford, gidan da ya fara ginawa bayan ya sayi filin a 1811. Sauran wata shidan nasa ne.

Waƙa ce ta fara fito da sunansa, daga 1805 zuwa 1810. Da ya juya ga ƙagaggen labari da Waverley a 1814, bai sa sunansa ba. Dalilai sun fi ɗaya, har da son wasan ɓuya, amma ya rubuta wa abokinsa Morritt cewa bai tabbata ya dace magatakardan kotu ya riƙa rubuta irin waɗannan littattafai ba, domin ana sa ran ganin kamun kai daga gare su. Sai a Fabrairun 1827, a wata liyafa a Edinbura, ya amsa a bainar jama'a cewa shi ne. Lauyoyin garin kuwa da yawansu sun daɗe da ganewa. Wa zai san zauren kotu haka in ba ɗan gida ba?

In kina son ganin lauyan a cikin marubucin, fara da The Heart of Midlothian na 1818. Gaba ɗayan labarin a kan doka ɗaya ya tsaya, dokar 1690 ta kisan jarirai. Dokar ta ce macen da ta ɓoye cikinta, ba ta nemi taimako wajen haihuwa ba, aka kuma tarar da jaririn a mace ko aka rasa shi, to a ɗauka ta kashe shi, hukuncinta rataya, ko da ba wanda ya ga gawa. Wato an ɗauke nauyin kawo hujja daga kan mai tuhuma an ɗora wa wadda ake tuhuma. Ƙofar tsira ɗaya ce: a samu wanda zai ce ta taɓa gaya masa tana da ciki. A labarin, Effie Deans na gaban kotu, yayarta Jeanie kuwa kalma ɗaya za ta faɗa ta cece ta, amma Effie ba ta gaya mata ba, ita kuma ba za ta rantse a kan ƙarya ba. Aka yanke hukunci, Jeanie ta taka zuwa Landan neman afuwa. Scott ya samo wannan daga labarin wata mace ta gaske, Helen Walker, har ya sa aka yi mata dutsen kabari. Abin da ya sa nake ganin littafin ya fi sauran shi ne bai mai da alƙalan azzalumai ba. Mutanen kirki ne, suna jin tausayin yarinyar, dokar ce ta ɗaure musu hannu. Marubucin da bai zauna a kotu ba da mugun alƙali zai ƙirƙiro ya huta. An sassauta dokar a 1809.

A ƙarshen Waverley kuma akwai shari'ar 'yan tawayen 1745 a garin Carlisle na Ingila. An yanke wa shugaban dangi hukuncin kisa, sai baransa Evan ya miƙe ya roƙi kotu ta saki shugaban, shi zai je ya kawo mutum shida daga dangin a kashe a madadinsa, a fara da shi. 'Yan kallo suka yi dariya, ya ba su amsar da ta sa kowa ya yi tsit. Dokoki biyu ne suka haɗu a ɗaki ɗaya: ta amana tsakanin dangi, da ta gwamnati wadda ba ta san wani ya mutu a madadin wani ba. Scott ya san wadda za ta yi nasara, yana ma ganin gara ta yi, domin bayan tawayen ne majalisa ta soke ikon shari'a na gado da shugabannin dangi da masu filaye ke riƙe da shi. Amma bai yarda a yi wa wadda ta faɗi dariya ba. Redgauntlet na 1824 shi ya fi kusa da rayuwarsa: tsohon lauya Saunders Fairford hoton mahaifinsa ne, ga kuma Peter Peebles, wanda shari'a ɗaya ta cinye masa shekaru da dukiya da hankali, yana yawo a zauren kotu cikin tsumma yana alfahari da cewa sunansa na cikin manyan ƙararraki. Scott ya ce Peebles mutum ne na gaske da ya sani a zauren.

Ba zan ɓoye miki inda nake ganin ya gaza ba. Son tsohon tsari ya sa ya ƙi gyare-gyaren da kotunan suke bukata. Kotun Session ta lokacin alƙalai 15 ne ke zama tare, shari'u na jan ƙafa, ɗaukaka ƙara zuwa Landan ta yi yawa. Da gwamnatin Whig, jam'iyyar da ke hamayya da Tory, ta kawo shawarar gyara a 1806, Scott ya yi dogon jawabin adawa a taron lauyoyi. A hanyar gida Francis Jeffrey, wani lauya ɗan Whig, ya so ya mai da abin wasa, Scott ya ce ba abin dariya ba ne, kaɗan-kaɗan za su rushe komai har ba abin da zai rage na abin da ya sa Sikotland ta zama Sikotland, ya juya ya jingina kai da bango yana hawaye. Tsoronsa na gaske ne, amma masu irin halin Peebles su ke biyan kuɗin jinkirin. An raba kotun gida biyu a 1808, shi kuma aka sa shi sakataren hukumar da ta duba tsarin shari'ar ƙasar. Haka ya yi adawa da faɗaɗa 'yancin zaɓe, har a 1831 taron jama'a a Jedburgh suka yi masa ature da ihu. Duk da haka ba kowane tsohon abu yake karewa ba. A zamaninsa kotunan laifi na Sikotland suna da hukunci na uku bayan "ya aikata" da "bai aikata ba", wato "ba a tabbatar ba". Bayan ya kalli shari'ar wata mata da aka tuhuma da sa guba a 1827, ya kira wannan hukunci shege a littafin ajiyar sirrinsa.

Saura karyewarsa, wadda ita ma maganar doka ce. Tun 1805 ya shiga haɗin gwiwa a asirce da James Ballantyne a kamfanin ɗab'i. A irin wannan haɗin gwiwa ba iyaka ga abin da za a bi mutum: bashin kamfani bashinka ne har rigar wuyanka. Kamfanin nasu da mawallafin Scott, Archibald Constable, sun riƙa sa wa juna hannu a takardun alkawarin biya, kowa ya kai banki ya karɓi kuɗi, wannan na tsaya wa wancan. Da kasuwar kuɗi ta Landan ta rikice a ƙarshen 1825, wakilan Constable na can, Hurst da Robinson, suka faɗi, suka ja Constable, shi kuma ya ja Ballantyne. A Janairun 1826 Scott ya wayi gari da bashin sama da fam 120,000. Lauyan da ya shekara ashirin yana rubuta hukunci a kan irin waɗannan takardu ba shi da uzurin cewa bai sani ba. Gina Abbotsford da sayen filaye sun sa yana cin kuɗin littafi tun kafin ya rubuta shi.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a sayar da abin da ya mallaka, a raba wa masu bin bashi, abin da ya samu nan gaba ya zama nasa. Ko kuma ya miƙa dukiyarsa da duk abin da alƙalaminsa zai samo ga amintattu har sai an biya. Ya zaɓi ta biyu, ya ƙi karɓar taimakon abokai, ya ce hannunsa na dama ne zai biya. Ana yawan ba da wannan a matsayin jarumtaka zalla, kuma akwai jarumtakar, amma akwai lissafin lauya a ciki. Ta wannan hanya ya tsira da ɗakin karatunsa, da albashinsa biyu, da zama a Abbotsford. Gidan kansa ma tun 1825 ya riga ya rubuta wa ɗansa shi a yarjejeniyar aure, abin da ya sa wasu masu bin bashi suka yi gunaguni. Wanda ya shugabanci taronsu shi ne Sir William Forbes, mijin Williamina. Da wani kamfanin Landan ya ƙi shiga yarjejeniyar a 1827 yana barazanar sa a kama Scott, har ya fara tunanin fakewa a harabar fadar Holyrood ta Edinbura inda doka ta hana kama mai bashi, Forbes ne ya biya kuɗin daga aljihunsa a ɓoye.

Matar Scott ta rasu a Mayun 1826. A cikin shekara biyun farko rubutunsa ya samo wa masu bin bashi kusan fam 40,000, ciki har da tarihin Napoleon mai juzu'i tara, duk yana zuwa kotu. A shekarar 1826 ɗin ce kuma ya rubuta wasiƙun da ya sa wa sunan Malachi Malagrowther, yana kare 'yancin bankunan Sikotland na buga ƙananan takardun kuɗinsu, gwamnati ta janye shirinta na hana su, shi ya sa har yau hotonsa ke kan kuɗin Bank of Scotland. Shanyewar jiki ta fara taɓa shi a farkon 1830, ya ajiye aikin magatakarda a ƙarshen shekarar. Kujerar Sherif kuwa bai sauka ba. Da ya dawo daga neman lafiya a Malta da Italiya a 1832 ba ya iya aiki, ba ya ma iya rubuta takardar murabus, sai da majalisa ta yi doka ta musamman don a naɗa wanda zai riƙe gundumar, kuma Francis Jeffrey, wanda a lokacin shi ne babban lauyan gwamnati na Sikotland, shi ya gabatar da ita. An binne Scott a Dryburgh. Ragowar bashin an gama biyansa a 1847, bayan an sayar wa mawallafi Robert Cadell haƙƙin mallakar littattafansa.